Bazazzagi, Wa Zai Ɗauko Muku Ƙwallon Bana?

Bazazzagi, bawana. Ina gajiyar murna? Na yi maka uzuri na bar ka ka sha shagalinka tun daren 20 ga Janairun 2025, da Jami'ar Jihar Ohayo ta doke Notre Dame da maki 34 da 23 a Atlanta ta ɗauki kofin ƙasa. Ban tanka ba da ka cika mana waya da hotunanka cikin jar riga da hular sanyi, kana tsaye cikin ƙanƙara ka ɗaga yatsa ɗaya sama. Ban tanka ba da ka koma cewa "mun ci", "mun ɗauka", kai da aka tura Kolombus, garin jami'ar, karatu, kai da a Zariya ko a wasan langa sai an rasa mutum ake sa ka. To amma ubangida ba ya barin bawansa cikin maye har abada. Maris ɗin 2025 ya shigo, a tsakiyar watan nan yaranku za su koma fili atisayen bazara, lokacin lissafi ya yi. Ka kuwa san lissafi namu ne. Ku aka bar wa allo da alli da dogon Turanci. Abin da ya shafi me ya shigo, me ya fita, me ya rage a sito, wannan sai Bakano.

Bari in fara yi wa masu karatu bayani, don in na bar maka za ka kawo mana lacca mai babi huɗu da shimfiɗa. Wannan ƙwallon na Amurka mai tsini biyu ne, kuma da hannu ake ɗaukarsa. Mutum goma sha ɗaya ne kowane ɓangare. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da yadi goma. In ta matsa a sabunta mata, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Hanyar matsawar biyu ce. Ko dai mai jifa, wanda suke kira kwatabak, ya wurga wa wani can gaba ya cafe, ko kuma ya juya ya danna ƙwallon a cikin mutumin da ke tsaye bayansa, shi kuma ya rungume, ya sunkuyar da kai, ya kutsa tsakiyar ƙarti. Wannan na biyun shi ne ɗan gudu, kuma a kansa maganarmu take. Aiki ne mai cin jiki, don kusan kowace ɗauka a ƙasa take ƙarewa, mutum biyu ko uku a kanka, gwiwa a murɗe. Shi ya sa masu abin ba sa tsayawa a kan wane ne gwaninku. Tambayarsu ita ce, in gwanin ya ɗingisa ya fita, wa ke bayansa, wa kuma ke bayan wancan.

In wani ya ce me ya haɗa Bakano da Jami'ar Mishigan, amsar ba ta da tsawo. Ranar da ka ɗauki Ohayo na tambaya wace ce babbar abokiyar gabarta a duniya, aka ce Mishigan, na ce a rubuta sunana. Allah kuwa ya dubi zuciyata, kamar yadda za ka ji nan gaba.

To, mu buɗe littafi. Abin da ya fita mutum biyu ne, Quinshon Judkins da TreVeyon Henderson. A kakar da ta wuce Judkins ya yi gudun yadi 1,060, Henderson ya yi 1,016. In ka haɗa 2,076 ke nan, da ci 24 na ƙafa a tsakaninsu. Duka biyun sun naɗe tabarma sun nufi NFL, gasar ƙwararru, a ƙarshen Afrilun 2025 za a raba su a Green Bay. Ba zan rage musu komai ba, Bakano ba ya kushe kaya mai kyau ko da a shagon maƙwabci ya gan shi. Na ga abin da Henderson ya yi wa Teksas a wasan kusa da ƙarshe. Teksas ta rama ci ke nan an yi kunnen doki 7 da 7, saura 'yan daƙiƙu a tafi hutun rabin lokaci, kowa ya ɗauka za ku bar agogo ya ƙare a tafi a sha ruwa. Sai mai jifanku Will Howard ya ja da baya, ya bar ƙartin Teksas suka taho masa a guje, ya ɗan cilla wa Henderson ƙwallon a bayansu. Yaron ya cafe, ya bi sawun masu share masa hanya, ya hango ƙofa, daga nan sai ƙeyarsa aka gani. Yadi 75, ba wanda ya kamo shi. Shi kuwa Judkins a wasan ƙarshe ya ɗauka sau 11 ya yi yadi 100, guda ɗaya daga ciki yadi 70 ce, ya kuma tsallaka layin ci sau uku.

Abin da ba ka cika faɗa ba shi ne dalilin da ya sa suka kai Janairu da ƙafafunsu. Wasa 16 kuka buga, don 2024 ce shekarar farko da aka faɗaɗa gasar cin kofin zuwa ƙungiya 12. Judkins ya ɗauka sau 194, Henderson sau 144, wato kowannensu yana hutar da ɗan'uwansa. Henderson, wanda ya sha jinya a 2022 da 2023, bai rasa wasa ko ɗaya ba. Kuma Judkins ba renonku ba ne. Daga Ole Miss kuka ɗauko shi a Janairun 2024, bayan ya yi musu yadi 1,567 a shekararsa ta farko da 1,158 a ta biyu. Shugaban sashen wasanninku, Ross Bjork, da bakinsa ya ce abin da 'yan wasan suka samu ta hanyar tallan sunansu ya kai wajen dala miliyan 20. Ka riƙe wannan adadin, don gobe in ka tashi cewa Kanawa ba su san komai ba sai kuɗi, zan karanto maka shi.

Halin da kuke ciki yanzu halin manomin nan ne da ya yi shekara mai albarka da shanun huɗa biyu, kaka ta yi ya kora su kara ya sayar, ya dawo yana zagayawa da baƙi suna kallon rumbu. Rumbu kam cike yake, ba musu. Amma ga bazara ta kawo jiki, hadari ya fara leƙowa daga gabas, abin da ke turke kuwa maruƙa ne da wani bijimi guda da ya sayo a ƙauyen gaba, wanda bai taɓa shiga karkiya ɗaya da kowa a gidan ba. Ka tambaye shi wa zai ja garma bana, sai ya ce ka zo ka ga rumbu.

Mu duba turken. Na farko James Peoples, ɗan San Antonio ta jihar Teksas, bana shekararsa ta biyu. Shi kake ta yi mini kirari a kai, wai magajin gida. Bara ya ɗauki ƙwallo sau 49, yadi 197, ci biyu. Yadi huɗu ke nan a kowace ɗauka, ba laifi. Sai dai ka faɗa wa mutane lokacin da yake shiga. Galibi sai kun ba wata ƙaramar makaranta ratar maki talatin ko arba'in, manya sun tuɓe hular kwano suna hira a benci, 'yan kallo sun fara laluben makullan motocinsu, sannan ake cewa Peoples ya shiga. Waɗanda yake turewa a lokacin su ma 'yan benci ne, kuma sun ƙosa a tashi. Ban ce yaron ba shi da kyau ba. Na ce ba a taɓa miƙa masa ƙwallo ana kunnen doki, saura minti uku, mutum dubu ɗari sun miƙe tsaye ba.

Na biyu shi ne baƙon, CJ Donaldson, da ya taso daga West Virginia da shekara ɗaya tak da ta rage masa ta wasan jami'a. Wannan kam ya ga jiya. Ɗan Miami ne, nauyinsa ya haura kilo ɗari, kuma asali ba ɗan gudu aka ɗauke shi ba, mai tare mutane da cafe ƙwallo ne a gefen layi, kociyoyinsa suka mai da shi baya. A wasansa na farko a 2022, da Pittsburgh, ya ɗauka sau 7 ya yi yadi 125, kowa ya buɗe baki. A shekara uku ya tara ci 30, wato in an zo bakin layi, saura yadi ɗaya ko biyu, ya san yadda ake sa kafaɗa. Amma ni a yadi ba a cuta ta. Abin da ya tara a shekara ukun nan yadi 2,058 ne, waɗancan biyun kuwa a shekara ɗaya suka yi 2,076, har da canjin yadi 18. Kowace ɗaukarsa ba ta cika yadi biyar ba, ta Henderson bara ta haura bakwai. Kuma a can West Virginia ɗin ma, a shekaru biyun ƙarshe, wani ɗan ƙaramin yaro Jahiem White ya fi shi yadi. Kun sayo mai ture ƙofa, na yarda. Wanda zai ɓace wa mutane daga tsakiyar fili, kamar yadda aka yi wa Teksas, shi ne ban gani a rasit ɗin ba.

Sai Sam Williams-Dixon, ɗan gida, wanda a watan Janairu ya kai sunansa kasuwar sauya makaranta, daga baya ya janye ya dawo. Mutumin da ya riga ya taɓa ɗaure kayansa sau ɗaya, kada ka yi rantsuwa da shi. Sauran ukun sababbin shiga ne, jiya-jiya suka bar sakandare: Bo Jackson daga Cleveland, Isaiah West daga Philadelphia, da Anthony Rogers daga Montgomery, wanda ya fara yi wa Alabama alkawari kafin ya juya. Tun da wuri in ja kunnenka, don na san halinka da son kwarzanta abu: wannan Bo Jackson ɗin ba shi da dangantaka da Bo Jackson na Auburn da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 1985. Suna ne ya zo ɗaya. Kada in ji ka a wani zaure kana cewa jikansa ne.

Mutum shida ke nan, kuma na san abin da za ka ce: shida ai garke ne. Bazazzagi, ka manta 2022? A takarda a wancan lokacin ma haka kuke, har kun fi haka. Evan Pryor ya ji ciwo a gwiwa tun a atisayen Agusta, shekararsa ta tafi ba a fara ba. Henderson ya yi ta fama da ƙashin ƙafa har ya ajiye. Miyan Williams aka fitar da shi a ƙaramar mota a wasan Indiana. Kafin Nuwamba ta ƙare sai da kuka je sashen masu tsaro kuka ɗauko Chip Trayanum, wanda ya baro Arizona State don ya koma tare mutane, kuka ce ya taimaka ya dawo tsohuwar sana'arsa. Shi ya fi kowa ɗaukar ƙwallo ranar Mishigan. Wani sabon yaro, Dallan Hayden, ya yi yadi 146 da ci uku a Maryland mako ɗaya kafin nan, ranar da ake bukatarsa kuwa sau biyu kacal aka miƙa masa, abin da har yau mutanenku ke cizon yatsa a kai. Da kuka haɗu da Jojiya a daren 31 ga Disamba, Xavier Johnson, mai cafe ƙwallo, shi ma sai da aka tsayar da shi a baya yana gudu. Aka tashi 42 da 41, bugunku na ƙarshe ya bauɗe daidai lokacin da sabuwar shekara ke shigowa. Ina Pryor da Trayanum da Hayden suka nufa? Ɗaya ya tafi Cincinnati, ɗaya Kentucky, ɗaya Colorado. Shida a Maris yana iya zama biyu da rabi a Nuwamba.

Yanzu ka gyara zama, ga inda na nufa tun farko. A ce ma duk shidan sun tashi lafiya, a ce Peoples ya zama Henderson, Donaldson ya zama Judkins. Ai kuna da Henderson da Judkins na gaske ranar 30 ga Nuwamba 2024. A gidanku aka yi, a Kolombus, ƙarfe goma sha biyun ranarku, shida na yamma a nan, daf da magariba. Mishigan ta zo da nasara shida da faɗuwa biyar, ba manyan 'yan wasanta Will Johnson da Colston Loveland, masu hasashe sun ba ku ratar maki kusan ashirin. Mai jifanmu, Davis Warren, yadi 62 ya jefa duk ranar, har ya ba ku kyautar ƙwallo biyu. Ku kuwa kuka ɗauki ƙwallo da ƙafa sau 26, kuka tashi da yadi 77. Saba'in da bakwai, Malam. Judkins 46, Henderson 21. Mutum biyu masu yadi dubu-dubu, amma kowace ɗaukar ƙungiyar ba ta kai yadi uku ba. Kuka yi ta dannawa tsakiya, inda ƙartinmu Mason Graham da Kenneth Grant ke zaune suna jiran ku, ana mai da ku kuna komawa, alhali mai cafe ƙwallonku Jeremiah Smith, yaron da ba wanda ya iya tare shi duk shekara, yana can gefe yana shan iska.

Mu kuwa ɗan gudu ɗaya ya rage mana, don Donovan Edwards ya ji ciwo tun kafin hutu. Kalel Mullings, wanda shi ma daga sashen tsaro aka dawo da shi, ya ɗauka sau 32, yadi 116. Ka tuna wadda ta kashe ku? Ana 10 da 10, lokaci ya kusa cika, dama ta uku, saura yadi shida. Kowa a filin ya san shi za a ba. Aka ba shi, ya tarar da ƙofa a rufe, hannu ya kama shi, mutanenku har sun fara ihun an tare. Ya fizge, ya zame ta gefe, ya miƙe yadi 27. Mai bugunmu Dominic Zvada ya zo ya buga ta tsakanin sanduna saura daƙiƙa 45. Aka tashi 13 da 10. Abin da ya biyo baya, na kafa tuta a tsakiyar fili da dambe da barkonon da 'yan sanda suka fesa, ba abin alfahari ba ne ga kowa, kuma an ci kowace makaranta tarar dala dubu 100. Ni dai abin da na riƙe shi ne wayarka ta mutu a daren, ta kwana a mace, ta wuni a mace, da ta farfaɗo kuma ka ce matsalar caja ce. A Amurka.

Fiye da shekara ashirin ke nan, duk ƙungiyar da ta fi yadin gudu a wannan karawa ita ke tafiya da nasara. A 2021 Hassan Haskins, ka ji suna mai albarka, ya tsallaka layinku sau biyar ana zubar ƙanƙara, 42 da 27. A 2022 Edwards, da hannu a ɗaure, ya yi muku gudun yadi 75 sannan ya ƙara na 85 a gidanku, 45 da 23. A 2023 Blake Corum ya ci biyu, 30 da 24. Zuwa Maris ɗin 2025, rabonku da cin Mishigan tun 2019, da ɗan gudunku J.K. Dobbins ya ci huɗu. Kuna da wata al'ada tun 1934, duk ɗan wasan da ya doke Mishigan ana ba shi ɗan mitsitsin wando na zinare ya rataya a wuya. Henderson ya shigo 2021, ya fita bana. Yana da zoben kofin ƙasa, yana da suna, gobe zai yi kuɗi. Shekara huɗu bawan Allah ya yi a Kolombus, ya fito ba wando.

Dalilin yadi 77 ɗin nan ba a ƙafar 'yan gudu yake ba, shi ya sa ƙirga sunayensu ba zai kwantar maka da hankali ba. Ɗan gudu yana bin ƙofar da ƙartin gaba biyar suka buɗe masa ne. Ranar nan kun rasa Josh Simmons, da gwiwarsa ta tafi a Oregon tun Oktoba, kun rasa Seth McLaughlin, da jijiyar agararsa ta tsinke a atisaye cikin Nuwamba. Bana su biyun sun tafi gaba ɗaya, Donovan Jackson da Josh Fryar sun bi su. Mai horar da ƙartin, Justin Frye, ya koma Arizona Cardinals, an kawo Tyler Bowen daga Virginia Tech. Chip Kelly, wanda ke tsara yadda za a kai hari, kuma gwanin dabarun gudu ne tun yana Oregon, ya tafi Las Vegas Raiders. Wanda ya gaje shi a 2025, Brian Hartline, sunansa a renon masu cafe ƙwallo ya yi shi. Will Howard ma ya gama, wanda ake sa ran zai karɓa, Julian Sayin, jifa goma sha biyu ya taɓa yi a wasan jami'a.

Wannan na ƙarshen ya fi komai shafar maganarmu. Rabin aikin ɗan gudu ba a ganinsa a lissafin yadi. In za a yi jifa shi ne mai gadin ƙarshe: ya tsaya bayan layi, ya karanta wane ne daga cikin masu tsaro zai faɗo ba zato, ya tare shi da ƙirji kafin ya isa ga mai jifa. Henderson ya ƙware a wannan ƙwarai, yana ɗaga mutum daga ƙasa. Sabon yaro kuwa abin da ke hana shi shiga fili ke nan, don a sakandare ba wanda ya taɓa ce masa ya tare kowa, ba shi ake yi ya gudu. Kuskure ɗaya, sabon kwatabak ɗinku yana kwance yana kallon sama. Carlos Locklyn, mai horar da 'yan gudunku, aikin da ke gabansa ke nan, kuma ɗan lokacin da yake da shi ba shi da yawa.

Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, atisaye 15 ta yarda a yi a bazara, cikin kwana 34. Uku daga ciki ba a gwabzawa sam, kayarwa ƙasa kuwa a takwas kaɗai aka halatta. Mai jifa yana sanye da rigar kada-a-taɓa. Saboda haka duk labarin da za ka turo mini cikin makonnin nan na riga na san shi: wane ya ƙara nauyi, wane ya rage, wane ƙafarsa kamar walƙiya, koci ya ce bai taɓa ganin yara masu ƙwazo irin waɗannan ba. A Maris ba ƙungiyar da ta taɓa faɗuwa. Ranar 12 ga Afrilun 2025 za ku yi wasan baje koli, ku kara da junanku, ku ci kanku, ku tafa wa kanku. Kwana huɗu bayan nan, 16 ga wata, kasuwar sauya makaranta za ta sake buɗewa, duk yaron da ya ga an sa shi na huɗu ko na biyar wayarsa za ta fara ƙara. Tsoron wannan ne ya sa Matt Rhule na Nebraska ya ce shi ba zai baje 'yan wasansa a talabijin a zo a zaɓa ba. Don haka ko shidan da kake taƙama da su, ka bari sai Mayu ka sake ƙirgawa.

Na ji ka, tun daga nan ina jiyo ka: to ku fa, Kanawan Mishigan? Gaskiya ne, Mullings da Edwards sun tafi, Graham da Grant ma haka. Amma ka duba wa ya rage. Jordan Marshall ya ɗauka sau 23 ya yi yadi 100 a kan Alabama ranar 31 ga Disamban 2024, muka ci 19 da 13, aka ba shi gwarzon wasa. Ka san daga ina yake? Cincinnati, cikin jiharku, shi ne ma gwarzon 'yan sakandaren Ohayo na 2023. A gabanku ya girma, ya dube ku, ya hau mota ya yi arewa. Mun ƙara da Justice Haynes daga Alabama. Mai horar da su kuwa Tony Alford ne, wanda ya shekara tara yana renon 'yan gudunku, ya tashi a Maris ɗin 2024, kun riga kun fara atisaye, ya tsallako wurinmu. Ka ga shekara ke nan cif, shi ya sa na ce in yi maka ta'aziyyar zagayowar ranar. In kuma za ka ɗauko tsohon zancen nan na ma'aikacinmu Connor Stalions da leƙen alamun hannun abokan karawa, ɗauko. Ya bar Mishigan a farkon Nuwambar 2023, aka dakatar da kocinmu Jim Harbaugh, aka ci ku ba ya filin. Harbaugh ya tafi NFL, aka sake cin ku. Wace alama aka leƙa a yadi 77?

Abu ɗaya ne ke ɗan taɓa mini zuciya, zan faɗa maka shi don kada a ce Bakano ya ɓoye aibin kaya. Gidanku gida ne da sabon yaro ke tashi da wuri. Archie Griffin, wanda har yau shi kaɗai ya taɓa cin Heisman sau biyu, a 1974 da 1975, yana sabon shiga a 1972 ya yi yadi 239 a wasa ɗaya. Maurice Clarett yana sabon shiga ya ja ku zuwa kofin 2002. Dobbins ya yi yadi 1,403 a shekararsa ta farko, Henderson ya yi 1,248, har ya karya tarihin Griffin da yadi 270 a kan Tulsa. Saboda haka ni Peoples bai hana ni barci ba, Donaldson ma haka, na san iyakar abin da za su yi. Yaran nan uku nake kallo ta wutsiyar ido, musamman mai aron sunan nan na Cleveland. In akwai wanda zai ɓata mini lissafi, daga cikinsu zai fito. Kada ka yi saurin washe baki, cewa na yi in akwai.

Wasanku na farko ranar 30 ga Agustan 2025 ne, kuma Teksas ce za ta zo, da haushin abin da Henderson ya yi mata, ga shi ba Henderson. Babu ƙaramar makarantar da za ku fara wasa wuƙa a kanta. Ranar 29 ga Nuwamba kuma ku ne baƙinmu a Ann Arbor.

Kafin nan ga aika, tunda bawa ba ya zama ba aiki. Ranar 12 ga Afrilu ka sayi tikiti ka shiga filin, kuɗin daga aljihunka. Ka bar ɗaukar kanka hoto. Ka duba mini wa aka fara miƙa wa ƙwallo, wa aka bari a fili in an zo dama ta uku da nisa, kuma in mai tsaro ya faɗo ta tsakiya, wane ne a cikin shidan ya tsaya ya tare shi, wane ne ya kauce ya bar yaron mutane. Ka rubuto mini a shafi ɗaya, da Hausa, ba shimfiɗa, ba nazarin ayyukan magabata. In ya wuce shafi ɗaya zan mai do maka ka sake.